Igwata Ma Tana Azumi

Ni dai makaranta ba ta yi da ni ba, ni ma ban yi da ita ba. Muka rabu lafiya, babu wanda ya yi kukan wani. Kawuna ya ja ni warsharsa a unguwar Waziriyya, nan Jidda, inda ake walda da fiƙe ƙarfe, ya ce tunda kai ya ƙi, a gwada hannu. Hannun kuwa ya yarda. Ba yabon kai ba ne, amma in na goge tagulla, sai ka gyara gashin bakinka a jikinta.

Kakata ce ta jefa ni harkar igwa. Haihuwar Balad ce, tsohuwar unguwar Jidda, iyayenta sun zo hajji suka zauna. Kunnenta ya yi nauyi, ba ta jin kiran sallar magariba, sai an taɓa kafaɗarta sannan ta sha ruwa. Abin yana ƙona mata rai.

"Kullum a zungure ni kamar akuya," in ji ta. "Da muna yara madfa ake bugawa. Igwa, kai jahili! Ba da kunne ake jinta ba, da ƙirji."

"Amarya, kwantar da hankalinki," na ce da ƙarfi a kunnenta. "Bana da igwata za ki sha ruwa."

"Kai? Mijin da ko tusarsa ba ta da ƙara?"

Wallahi daga wannan maganar na ɗauki abin da gaske.

Akwai wasu dattawa da ke taruwa a wani fili a Balad duk azumi. Su sa kakin sojan da, su ɗaura ɗamara a kan tumbi, su jera ƙananan igwoyi, kowacce ba ta wuce tsawon hannu ba, har da ƙafafun katako. In magariba ta yi, ɗaya daga cikinsu ya buga tasa, yara su yi ihu, a sha ruwa. Gobe kuma wani. Shugabansu wani Bahaushen Sudan ne, direba a Abhur, kowa Shawish yake ce masa, wato Saje. Murmushinsa ya fi ruwan sama wuyar gani a Jidda.

Ba albarushi suke sawa ba, karbid ne, ɗan dutsen nan na masu walda mai warin ruɓaɓɓiyar tafarnuwa. Ka jefa ƙwaya ta bayan igwar, ka jiƙa ta, ka murɗe murfi, ka toshe baki da tsumma, ka danne ɗan ramin sama da babban yatsa har iska ta taru. Sannan ka ɗage yatsa, ka miƙo wuta a kan doguwar sanda. Shi ke nan, dum!

Na fiƙe tawa daga guntun bututun tagulla da ya rage a warsha, na yi mata zobba uku a wuya, na kai wa Shawish tun watan Sha'aban. Ya juya ta, ya leƙa cikinta, ya shinshina.

"Wa ya yi maka?"

"Ammu, ka ga alamar wani ya taɓa taimakona a rayuwa?"

Bai yi dariya ba. Ya ce zai ba ni yamma ɗaya. Sannan ya ɗaga yatsa. "Amma ka ji ƙa'ida, ya walad. Igwar azumi ba ta shan ruwa kafin mutane su sha. Ba kwalba, ba kofi. Yawu kawai. Haka muka taras."

Na ce halas, shi ke nan, yawu ai ni ne gidansa, mutumin da ba ya rufe baki. Na yi ta gwaji a bayan warsha, bayan na cika ciki da shayi da ful, dafaffen waken nan na Larabawa. Tofi ɗaya, dum. Har magen unguwa ta yi ƙaura. Ko sau ɗaya ban tsaya na tuna cewa a Sha'aban nake ba.

Ranar tawa ta zo. Muka sauko da Kaka daga bene, ni da ƙanena, muka naɗe keken guragun da ake tura ta a kai, muka sa a bayan tasi. A fili muka ajiye ta gaba-gaba, dab da igwar. Mamata ta shimfiɗa leda, ta jera sambusa da sobiya mai sanyi ta sha da tukunyar shorba, romon buɗa-baki. Kaka ta ɗauki dabino ɗaya ta riƙe.

"Yau kada wanda ya taɓa ni," ta ce. "Wanda ya zungure ni, Allah ya isa. Sai na ji igwar mijina."

Kowa ya san ta. In igwar nan ba ta tashi ba, haka za ta zauna da dabino a hannu har isha, tsohuwa mai ciwon suga.

An ara mini kaki, wandon ya kai mini ƙirji. Rana ta yi ja a bayan tsofaffin gidaje. Shawish ya duba sama, ya ce, "Yalla, shirya."

Na durƙusa, na jefa karbid, na tara baki zan tofa.

Babu komai.

Na sake. Harshena kamar tsohon silifa. Tun asuba nake gaban injin a zafin Jidda, gumi ya kwashe duk ruwan jikina. Na matse kumatu, na tono maƙogwaro, abin da ya fito bai isa ya jiƙa kan allura ba. Ashe su dattawan wuni suke ba sa magana ran da za su buga. Ni kuwa tun safe nake zuba wa duk wanda na gani labarin igwata.

Yara suka fara dariya. Wani dattijo ya ce, "Yau rediyon ya ƙare batir." Ƙanena ya turo mini kwalbar ruwa da ƙafa a ɓoye. Na kalle ta, na kalli Shawish, na ture ta gefe. In zan ji kunya, gara in ji ta a kan ƙa'ida.

Kaka ba ta ji abin da ake cewa ba, amma idonta ras. Ta ga bakina yana motsi kamar na kifi.

"Ke, miƙo min lemun tsamin shorbar nan da wuƙa," ta ce wa Mamata.

Ta yanka shi biyu, ta miƙo hannu har gaban hancina, ta fara matsawa a cikin tukunya a hankali, ɗigo-ɗigo.

"Dube shi, mijina. Ɗanye shar. Ka tuna ran da na ɗura maka shi da gishiri kana mura? Ka tuna yadda haƙoranka suka mutu?"

Jama'a, ƙasan kunnuwana suka tsuke. Bakina ya kawo kamar an buɗe famfo. Na tofa, na ji karbid ya ce tsss, na murɗe murfi, na danne rami. Daidai nan ladan ya ɗaga murya. Yatsana ya ji iskar tana turowa. Shawish da kansa ya miƙo mini sandar wuta.

Dum!

Tantabaru suka watse daga tagogin katako, tsumman ya tashi ya faɗa cikin sobiyar wani. Ni ban kalli kowa ba sai ita. Ta zabura, hannunta na hagu dafe da ƙirji, bakinta yana motsi da addu'a. Ta kai dabinon baki da kanta, babu wanda ya taɓa ta.

Sai da ta tauna ta haɗiye, ta kurɓi ruwa, sannan ta dube ni.

"Ta zamaninmu ta fi ƙara."

"Amma kin ji?"

"Na ji wani abu kamar an yar da faranti."

Hannun dai bai bar ƙirjin ba.

Shawish ya zo ya tsaya a kaina, ya miƙo mini kofin ruwa. "Fara ba wa igwar tukuna," ya ce, "ita ma ta yi azumi." Na zuba mata kaɗan ta baya, na shanye sauran. Ya ce in bar kakin a wurina, a rage wandon kafin mako mai zuwa. "Kuma ran nan ka rufe bakinka tun asuba."

Wannan sharaɗin ne dai har yau ban cika ba. Lemun tsami nake sawa a aljihu.