Takalmin da Huwaila ta zaɓa wa ƙawarta

Wata rana, wasu ƙawaye biyu suka kama hanyar Abuja daga Kano, neman aikin jirgin sama.

A gaskiya ɗaya ce mai neman aikin. Ɗayar rakiya ta yi.

Mai neman aikin sunanta Huwaila. Ita da bakinta ta ba ni labarin nan, ta ce in rubuta ko wani zai amfana. Sunaye kawai na sauya.

Huwaila tana da ɗan shagon takalman mata a Zoo Road, amma zuciyarta ba a shagon take ba. Tun tana 'yar sakandare burinta ɗaya ne: ta zama ma'aikaciyar jirgi, irin waɗanda ke tarbar fasinja a bakin ƙofa, su nuna masa kujerarsa, su kawo masa abinci.

Saboda aikin nan ta koyi iyo. Saboda shi ta gyara Turancinta. Babu abin da ba ta karanta ba a kansa, har yadda ake tsayuwa da irin takalmin da ake sawa.

'Yar rakiyar kuwa Sajida ce, ƙawarta tun firamare. Ko filin jirgi ba ta taɓa shiga ba. Mahaifiyar Huwaila ce ta ce 'yarta ba za ta yi doguwar tafiya ita kaɗai ba, Sajida ta ɗauki mayafi ta bi ta.

A wurin tantancewa akwai wani layi da aka ja a jikin bango. Kowace mace sai ta cire takalmi, ta miƙa hannu ta taɓo shi. Wadda hannunta bai kai ba, ba za ta iya rufe ma'ajiyar kaya ta saman kujeru ba.

Huwaila ta miƙa hannu. Ta yi ɗage. Ta ƙara ɗagewa.

Saura faɗin yatsu biyu.

Matar da ke tantancewa ta ce mata sai haƙuri. Ta ɗaga kai, ta hango Sajida zaune a benci, rungume da jakunkuna biyu.

"Waccan doguwar fa, ba ta cike takarda ba?"

Huwaila da kanta ta ce, "Ke Sajida, tashi mana ki gwada."

Ta ce min wallahi a fatar baki ta faɗa. Ko a mafarki ba ta kawo za a ɗauke ta ba.

Sajida ta tashi, ta taɓo layin ba ko ɗage. Bayan wata ɗaya aka kira ta, an ɗauke ta.

Huwaila ce ta fara rangaɗa guɗa. Ita ta rungume ta. Ita ta sa hotonta a waya da addu'a mai tsawo.

Da ta koma shago kuwa, ta rufo ƙofa ta yi kuka har kanta ya yi ciwo.

Wata gwaggonta ta zo ba ta haƙuri, ta ce, "Ki kwantar da hankalinki, 'yar nan. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama."

Huwaila ta ce a ranta, wato ni ce kwaɗon, ga ni a ƙasa, ita kuma ta hau sama.

Wata biyu Sajida ta yi tana karɓar horo. Kullum sai ta kira.

"Ƙawata, yau an koya mana buɗe ƙofar gaggawa."

"Ƙawata, an ba mu kayan sawa na aiki, da kin ga yadda suka zauna min."

Huwaila ta ce "Ma sha Allah," ta ajiye waya, ta kasa cin abinci. Duk abin da ake koya wa Sajida, ita ta san shi tun shekaru biyar da suka wuce.

Har masu shigowa shago ba su bar ta ba. "Ke ce ƙawar mai aikin jirgin nan ko? Allah Ya yi mata tsayi da kyau."

Sai ga ranar da Sajida ta shigo shagon da sassafe, da fara'arta, riƙe da takarda.

Jibi za ta yi tashin gwaji. Wata babba a cikin ma'aikata za ta bi ta tana dubawa, daga nan a tabbatar da ita ko a sallame ta. An ce kowa ta nemo baƙin takalmi sau-ciki, mai 'yar dunduniya.

Ta zauna, ta miƙe ƙafa. "Ke kika san takalmi. Duk wanda kika ba ni, shi ke nan."

Kuma Huwaila ta sani.

Ta san ƙafa tana kumbura a sama, don haka ana ƙara rabin lamba. Ta san ba a gwada takalmin aiki da safe, sai da yamma, lokacin da ƙafa ta sha tsayuwa ta buɗe. Ta san ana neman mai faɗin baki, yadda yatsu za su sake. Fata mai laushi, dunduniya mai kauri, ƙasan roba wanda ba ya santsi.

Irinsa yana nan a kan kanta ta biyu. Ba shi da wani kyau, amma mutum zai wuni a tsaye a cikinsa bai sani ba.

Ta kai hannu wajensa.

Sai Sajida ta ce, tana dariya, "Kin san Umma cewa take yi, 'yar rakiya ce ta ci kasuwar."

Hannun Huwaila ya wuce zuwa kanta ta uku.

Ta sauko da wani mai ƙyalli, mai tsukakken baki, siririyar dunduniya, ƙasansa sumul kamar faranti. Lamba talatin da tara, lambar Sajida cif, babu ko ɗan sarari.

Sajida ta saka, ta taka sau biyu, ta ɗan yamutsa fuska.

"Anya bai kama ni ba?"

"Sabo ne. Zai saki."

"To, shi ke nan."

Ta rungume ta, ta tafi.

Huwaila ta ce min ba ta yi nufin wani babban abu ba. So take kawai Sajida ta ɗan ji a jikinta, ta san aikin ba ɗaukar hoto ba ne.

Haka mai hassada yake lallashin kansa.

Ranar gwaji sawu huɗu suka yi. Kano zuwa Abuja, Abuja zuwa Legas, sannan a juyo.

Kafin su sauka a Legas, ƙafar Sajida ta cika takalmin tam. Bororo ya fito mata a dunduniya, ya fashe. Ta ci gaba da murmushi tana tura keken abinci, don ta san ana kallonta.

A sawu na uku jirgi ya shiga gargadar iska. Tana tsaye riƙe da butar shayi, a gefen wata tsohuwa.

Takalmin ya zame.

Ta juyo da butar wajen kanta don kada ta ƙona tsohuwar. Ruwan zafi ya wanke mata hannu, ƙafarta ta gurɗe ta yi targaɗe.

A keken marasa lafiya aka fito da ita.

Aka ɗage tabbatar da ita wata uku. Aka ce dama ɗaya ta rage mata.

Ga inda na jinjina wa Huwaila, don ba kowa zai faɗi wannan ba. Ta ce da labari ya iso mata, abin da ta fara ji wani ɗan sanyi ne a ƙirjinta.

Sanyi, jama'a. Ƙawarta tun firamare tana kwance.

Bayan sanyin ne tsoron kanta ya kama ta.

Washegari da la'asar ta sayi lemo da ayaba ta tafi dubiya. Mahaifiyar Sajida ta tarbe ta a tsakar gida.

"Ga 'yar albarka. Shiga, tun safe take cigiyarki."

Sajida tana kwance, an naɗe mata hannu har gwiwar hannu, an ɗora ƙafarta a kan filo. Takalmin yana bayan ƙofa. Huwaila ta leƙa cikinsa, ta ga jini ya bushe a wajen dunduniya.

Sajida ta fara ba ta haƙuri. Wai ta ba ta kunya. Wai da Huwaila ce, da ba ta faɗi ba.

Huwaila ta kasa haɗa ido da ita. Da ƙyar ta buɗe baki.

"Da kika ji ya matse ki, me ya hana ki dawo da shi?"

"Tun a shago na ji. Ƙafata ta ce a'a, ke kika ce e. Sai na ɗauki maganarki."



Ledar lemon ta suɓuce daga hannun Huwaila. Ta durƙusa a gaban gado, ta faɗi komai. Takalmin da ya dace, da kantar da yake, da yadda hannunta ya tsallake shi.

"Da gangan na ba ki, Sajida."

Sajida ba ta yi ihu ba. Ba ta zage ta ba. Ta daɗe tana kallon silin, hawaye na gangarowa ta gefen kunnenta.

Can ta ce, a hankali, "Tashi ki tafi gida. Ki goge fuskarki kafin ki fita, kada Umma ta gane."

Har yau Umman ba ta sani ba.

Bayan wata uku Sajida ta sake tashin gwaji, ta ci. Shekararta huɗu ke nan a aikin. Tabon ƙunar yana nan a hannunta, dogon hannun riga ke rufe shi.

Ranar da aka tabbatar da ita ta turo saƙo, layi ɗaya: "Na yafe miki duniya da lahira."

Na tambayi Huwaila, to yanzu hassadar ta tafi?

Ta girgiza kai. Ta ce ba ta tafi duka ba. Har yanzu idan ta ga hoton Sajida a Jidda ko Alƙahira, sai ta ji abin ya motsa mata. Sai dai yanzu ta san sunan abin. Da ya taso, sai ta yi a'uziyya, ta yi wa Sajida addu'a da babbar murya, ko da zuciyar ba ta so.

Suna gaisawa. Suna haɗuwa a biki da suna. Da aka yi wa Huwaila rasuwa, Sajida ta zo ta wuni.

Amma duk wata shida, idan takalmin aikinta ya tsufa, Sajida takan zo Zoo Road da yamma. Ta tsaya a ƙofar shagon Huwaila, ta ce, "Ƙawata, ya kasuwa?"

Sannan ta tsallaka titi, ta shiga shagon da ke kallon nata.

Darasi:

Jin zafi don wani ya samu abin da ka daɗe kana nema, wannan zuciya ce, kowa yana da ita. Ka kai kukanka wurin Allah tun abin yana ƙirji, kada ka bari ya sauko hannu. Wanda ya zo neman shawararka, amanarsa ya ɗora a tafinka. Ana yafe laifi, amma yarda idan ta fita, ba lallai ta dawo ta ƙofar da ta bi ba.

Ke kuma mai aikin tsayuwa, a jirgi kike ko a asibiti ko a aji: ki gwada takalmi da yamma, ki bar wa yatsunki sarari, ki duba ƙasansa. Idan ƙafarki ta ce a'a, ki saurare ta.

Kada labarin nan ya tsaya a wayarka. Tura shi gaba, wataƙila yau akwai wanda hannunsa ke kan hanyar ɗauko abin da bai dace ba.