Bulon Toka a Ɗakin Inna

Shekarar da yayana ya samu buɗi a kasuwar Maraɗi, abin da ya fara tsone masa ido shi ne ɗakin mahaifiyarmu a Gangara. Ɗakin ƙasa ne, tun na aurenta. Ya aiko cewa bayan Sallah zai zo da bulo, a rushe a gina mata na siminti, wai ya gaji da abokansa suna zuwa gaisuwa suna ƙare wa bango kallo. Inna ta ji saƙon. Abinci kawai ta rage ci, ta koma zaman bakin ƙofa tana shafa bangon.

Ni kuwa ba a halicce ni da haƙuri ba. Na zo hutun lakol daga Gazawa inda nake koyarwa, na kasa zaune na kasa tsaye. In shiga in fita, in share inda na riga na share. Tsoro nake ji ƙwarai, don na san in ɗakin nan ya faɗi, Inna ba za ta daɗe bayansa ba.

Ran kasuwa na ga wani shago na katako da aka yi wa fenti ya koma kamar dutse. Na ce to, in bulo Yaya yake so ya gani, bulo zai gani.

Na tankaɗe toka, na zuba dakakken gawayi kaɗan, na jiƙa ƙaro na haɗa don ya kama. Da tsumma na bi bangon har ya yi launin siminti. Sannan na tsoma igiya cikin farar ƙasa, na ɗaure bakinta, in ja in saki ta buga layi. Bangon kuwa duk tumbi ne, layi ya yi ta karkacewa, ina gogewa ina tsaki. Matan maƙwabta na leƙe ta kan danga.

"Malama, an bar alli an koma gini?"

Ban kula su ba. Da na gama, daga nesa sai ka rantse bulo ne.

Safiyar da Yaya zai iso na fito, sai ga ɗanyar jar laka shafe a tsakiyar aikina, da sawun yatsu a kai. Ashe Inna ta ga tsaga, ta kwaɓa ƙasa ta yaɓe, yadda take yi kullum damina ta matso. Raina ya ɓaci.

"Haba Inna! Mi ya sa kika yi mani haka?"

"Bulon naki ne ya tsage," in ji ta.

Kafin in ɗauko tsumma muka ji ƙarar mota.

Yaya ya shigo, ya dubi bangon, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ko ba a faɗa ba ya san aikina ne. Sai ya matsa kusa da jar lakar, dariyar ta tsaya. Ya taɓa, ta manne masa a yatsa.

"Inna, da hannunki kika yi wanga?"

"Wa zai yi mani? Tun kana goye nike yin shi."

Ya daɗe tsaye bai goge yatsan ba. Daga nan ya fita, na ji yana cewa a sauke bulon can bayan gida, wajen turken awaki.

Da yamma Inna ta cinye tuwonta tas, ta miƙo mani kwanon ta ce in ƙaro.