Almakashin da Yaya Garba Bai Miƙa Ba

Shekara tara ke nan da muka kai yayana, Malam Garba tela, makwancinsa a Sokode. Ni ne sakataren ƙungiyar teloli a wancan lokaci, saboda haka abin da zan faɗa ganau ne ni a kansa.

A zamaninsa ba a sallamar mai koyon ɗinki haka kawai. Sai an tara iyaye, mai koyo ya durƙusa ya buɗe tafin hannunsa, Yaya ya ɗora masa sabon almakashi, ya ce, "Tashi, kai da yunwa har abada." Kuma ba ƙarya ya yi musu ba. Ɗinki ya aurar da su, ya gina musu ɗakuna.

Sai dilolin gwanjo suka cika kasuwa. Waɗanda ya yaye suka rufe shago suka nufi masana'antar gurzar auduga. Da ta rage ma'aikata, suka hau babur suna jigilar fasinja, abin da muke kira zemijan. An bar sana'a ta mutu a idon hukuma, ba a buɗe wa kowa wata ƙofa ba, kuma har yau ban ji wanda ya ji kunya ba.

Yaya ya sayi almakashin ɗansa Abdu, amma ajali ya riga bikin yayen. Abdu ya sayar da keken ɗinkin mahaifinsa ya sayi babur, ya tafi Dapaong, can arewa kusa da iyaka. Can ya tarar da manoman da suka gudo daga ƙauyukan iyaka, su ma kowa a kan babur, masu tuƙi sun fi fasinja yawa. Aikin da ya rage mai tsoka shi ne kai jarkokin fetur daji ta hanyar Mandouri, inda 'yan bindiga suke saye, sojoji kuma suke tsare hanya.

Na kira shi na ce, "Abdu, wa kake kai wa man nan?"

Ya yi dariya. "Baffa, kai da tambaya kamar jandarma! Mai tambaya da yunwa yake kwana."

Da Yaya yana raye, me zai ce? Ina jin ba zai zagi yaron ba. Zai rasa alkawarin da zai yi masa ne, wannan kuwa ya fi ba ni tsoro.

Abin da ya bari shi ne mutanen da har yanzu suke sauka daga babur su gaishe ni saboda shi, da almakashin nan da nake shafa wa mai kowace Juma'a. Idan baƙuwar lamba ta kira ni daga arewa, sai in yi addu'a kafin in amsa. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya dawo mini da Abdu da ransa, ya durƙusa in ɗora masa.