Juma'ar da Baba Bai Je Harami Ba

Shekaru sun ja, yaran da nake goyo a lokacin yanzu sun fi ni tsawo, amma akwai wata safiyar Juma'a a gidanmu na unguwar Shisha da ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina.

Aure ne ya kawo ni Makka. Maigidana haifaffen nan ne, jikan mutanen da suka zo hajji da ƙafa suka zauna, sana'arsa tuƙin tasi. A shekarar da nake magana, ni da yayana muka haɗa ƙarfi muka kawo Baba umara. Tsufa ya riga ya kama shi, gwiwoyinsa ba sa ɗaukarsa, a keke muka tura shi ya yi ɗawafi da sa'ayi. Buri ɗaya ya rage masa, ya yi sallar Juma'a yana kallon Ka'aba. Juma'a ɗaya ce kuwa ta faɗo cikin kwanakin da zai yi.

Tun da hantsi ya yi wanka ya sa farar rigarsa, na fesa masa turare. Maigidana yana bakin ƙofa da mukullin mota yana cewa, "Yalla, Baba, kafin a rufe hanya." Sai wayata ta yi ƙara. Yaya ne daga gida. Ya ce rikici ya ɓarke a garinmu tun jiya, faɗan tasha ne ya rikiɗe ya koma na addini, an ƙona shaguna, yanzu kuma samari suna taruwa suna cewa gidan Magini za su. Ya ce kada in faɗa wa Baba. Bai san Baba yana kusa da ni ba, kunnensa kuwa bai tsufa ba.

Dole in tsaya in faɗi ko wane ne Magini, domin ni ma a lokacin sunan kawai na sani. Kirista ne, mutumin kudu, jirgin ƙasa ya kawo shi garinmu tun kafin a samu mulkin kai. Ba wanda ke kiran sunansa na yanka. Shi ya gina tankin ruwan garin, da asibitin farko, da makarantar da na yi firamare, da gadar da ta haɗa mu da ƙauyukan ƙetaren rafi. Daga baya ya kafa injin matse man gyaɗa, wanda ya ci da gidaje da yawa kafin ya durƙushe. Ya daɗe da mutuwa. 'Ya'yansa duk sun watse, sai 'yarsa guda, tsohuwa, malamar asibiti mai ritaya, wadda ta ƙi barin gidan ubanta.

Baba ya miƙo hannu na ba shi wayar. Ya ce wa Yaya, "Tashi yanzu ka je ƙofar gidan nan ka tsaya. Ka ɗauki ƙannenka." Yaya ya fara cewa akwai haɗari. Baba ya ce, "Na sani. Da ina nan da ni zan je." Ya kashe.

Maigidana ya duba agogo ya ce a hankali, "Baba, in ba mu fita yanzu ba, halas, shi ke nan, ba za mu samu shiga ba. Ka yi wayar a mota mana." Baba ya girgiza kai, ya ce cikin cunkoson nan ba zai ji kowa ba, kowa ma ba zai ji shi ba. Sai maigidana ya ce, "Amma Baba, matar ba Kirista ba ce?" Ba da mugun nufi ya tambaya ba. Mutum ne da ya tashi a garin da bai taɓa yin maƙwabtaka da wanda ba Musulmi ba, abin ya ɗaure masa kai ne kawai. Baba ya cire hularsa ya ajiye a kan gwiwa, ya ce, "Kai je ka yi sallarka, ɗana, ka sa mu a addu'a." Maigidana bai tafi ba sai da lokaci ya ƙure, ya tsallaka masallacin unguwa.

Daga nan Baba ya dinga sa ni ina nemo masa mutane. Limamin unguwarmu, wani tsohon direba, wani mahauci da suka yi ƙuruciya tare. Kowa maganar ɗaya yake masa: ka ɗauki tabarmarka ka je ka zauna a ƙofar gidan Magini. Tsakanin waya da waya ne ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ya ce yana saurayi ya fara ɗaukar kwanon siminti a wajen mutumin, a hannunsa ya zama birkila. "Ba waliyyi ba ne," in ji shi. "Ga faɗa, ga zafin hannu. Ya taɓa sa ni na rushe bangon da na wuni ina ginawa saboda ya karkace kaɗan, na yi kwana da kwanaki ba na gaishe shi. Amma ranar Juma'a da kansa yake cewa a ajiye kayan aiki. Shekarar da iska ta yaye rufin masallacinmu, shi ya kawo kafintocinsa, ya cire takalmi a bakin ƙofa ya hau sama tare da su."

Ana cikin haka Yaya ya sake kira. Ban da ihu ba abin da nake ji. Ya ce samarin sun iso, suna da yawa, da jarkokin fetur. Baba ya ce a ba wa na gabansu wayar. Da ƙyar wani ya karɓa yana huci. Baba ya tambaye shi ɗan gidan wa ne, ya faɗa. Baba ya ce, "Na san kakanka, a injin gyaɗa ya yi aiki har ya aurar da uwarka. Daga Makka nake maka magana, ina jin kiran salla daga nan inda nake zaune, ban je ba saboda kai. Ruwan da ka yi alwala da shi yau, uban matar nan ne ya gina tankinsa. Ita kuma ka je ka tambayi uwarka wa ya karɓi haihuwarka. In ka ƙona ta, me za ka ce wa Allah ta yi maka?"

Yaron ya mayar wa Yaya wayar. Ba zan ce maganar Baba kaɗai ce ta yi aiki ba. Liman ya riga ya shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar, dattawa sun jeru a gefensa, kuma babu wanda ya iya tsallake su. Wasu samarin suka sulale. Sauran suka juya suka huce a kan tsohon injin, suka cinna masa wuta. Da aka faɗa wa Baba, ya rufe ido, hawaye suka gangaro cikin gemunsa. Ya yi azahar a zaune a falona.

Da la'asar Yaya ya kai tsohuwar gidanmu wajen Inna, ya haɗa ta da Baba a waya. Na ji ta da Hausarta tas tana ce wa Baba, "Yaya, an ce ka rasa Juma'arka saboda ni." Baba ya ce, "Ke dai kin ci abinci?" Kwana kaɗan bayan haka ya koma gida, bai sake zuwa Makka ba har Allah ya karɓi abinsa.

Na daɗe ina jin zafin abin a madadinsa. Sai da na girma na gane cewa shi bai ɗauke shi asara ba. Abin da ranar ta koya mini shi ne, garin da muke taƙama da shi hannuwa da yawa ne suka ɗora shi, wasu masu salla, wasu masu zuwa coci, kuma yaran da ba a ba su wannan labari ba su ne ake iya miƙa wa ashana. Laifin namu ne manya in muka yi shiru. Shi ya sa 'ya'yana, da Larabci ya fi Hausa zama a bakinsu, ba su taɓa ganin garinmu ba, amma duk sun san wanda ya gina gadarsa.