Akwatin Takesure Da Ba Ya Cin Batir

Duk wanda ya taka rawar kiɗan sungura a garin Chitungwiza na ƙasar Zimbabwe ya taka ta ne a kan yatsun Takesure Chigumira, ko bai san sunansa ba. Shi ne mai jitar bes, mai kaurin sautin nan, a ƙungiyar mawaƙi Lovemore Zinyama, can baya kusa da mai ganga. Ya yi furfura a wannan lungun. Abu ɗaya ke cin ransa: wayoyin lantarkin gidajen rawa duk sun lalace, da ya jona jitarsa sai lasifika ta kama zuuu kamar an taɓo gidan zuma.

Da aka ce 'yan rediyo za su zo su naɗi wasansu, Takesure ya rantse ko sau ɗaya ne sai an ji kiɗansa tas. Ya shiga Harare neman akwatin nan da ake sa wa tsakanin jita da na'urar haɗa sauti. Mai shago ya yi ta tura masa masu batir da 'yar fitila. Ya ƙi. Ya gwada wani baƙi, mai nauyi, ba fitila, ba batir. Zumar nan ta yi tsit, kiɗan ya fito da kauri har cikin ƙirji.

Sai dai kash, a makon ne muryar Lovemore ta dushe.

Ranar naɗi da rana, Lovemore ya ɗauki akwatin yana jujjuyawa.

"Dattijo, ina batirinsa?"

"Ba ya cin batir, Shugaba."

"To me yake ci?"

Mai ganga ya ƙyalƙyale da dariya. "Kowa ya duba maƙogwaronsa, jama'a!"

Lovemore bai yi dariya ba. A garinmu, abin da ke yi maka aiki ba ka ciyar da shi a fili, to a ɓoye kake ciyar da shi. Ya sa aka kawo guduma. Takesure yana roƙo, "Shugaba, don Allah, waya ce kawai a ciki," aka farfasa akwatin. Wayar ce kuwa, jan ƙarfe siriri kamar gashi, naɗe a jikin ƙarfe.

"Kun ga ƙullin ko?" in ji Lovemore.

Haka aka yi naɗin da zuuu ɗin, washegari aka sallami Takesure. Yanzu tumatir yake sayarwa a bakin tasha. In rediyon wani mai aski da ke wurin ya sako waƙar, yakan ji masu jiran mota suna cewa, "Waƙa mai daɗi, amma mai bes ɗin nan ya ɓata ta."