Malam Sittin, Wanda Ya Mayar wa Kafin Marke Rijiyarta

Duk wanda ya saba bin titin ofishin filaye a Birnin Kudu da misalin bakwai da rabi na safe ya san ƙarar babur ɗin Malam Badaru tun kafin ya hango shi. Tsohon babur ne mai yawan tari, amma bai taɓa hana shi riga mai shara zuwa aiki ba. Zai jingine shi a gindin darbejiya, ya sauke jakar fatarsa da ta sha ɗinki, ya jera kayan aiki a kan tebur: littafi mai bangon kwali, fensir, na'urar lissafi da aka ɗaure bayanta da roba, da wata 'yar na'ura ruwan ɗorawa mai nuna inda mutum yake tsaye a doron ƙasa. Sai ya sha kokonsa da ƙosai, ya dubi na farko a kan benci ya ce, "Bismillah, kawo mu gani."

A watan nan Malam Badaru ya ajiye aiki bayan shekara talatin da biyar. Na san halinsa, so ya yi ya sulale gida shiru ba wanda ya ji. To ni ban yarda ba, don yabon gwani ya zama dole.

Aikinsa yana da wuyar bayani. Matarsa ma, Hajiya Ummussalma, in aka tambaye ta me maigidan yake yi, cewa take, "Lamba yake juyawa ta koma lamba." Kuma ba ta yi ƙarya ba. Kowane wuri a duniya, ko ƙofar masallaci ko kusurwar gona, yana da lambobi biyu da ke nuna shi, ta arewa da ta gabas. Sai dai ba hanya ɗaya ake rubuta su ba. Masu safiyo, wato masu auna filaye, da digiri, minti da sakan suke rubutawa, tsarin agogo: sakan sittin minti ɗaya, minti sittin digiri ɗaya. Wayar hannu da wasu na'urori sun fi son ɗigo, su komai da goma da ɗari suke raba shi. Tsofaffin taswirorin da ke cikin kabad ɗin ofis kuwa da mita suke aiki. Wanda ya ɗauki lambar wannan ya zuba a gidan wancan ba tare da ya juya ta ba, sai ya nufi Gwaram ya tsinci kansa a gonar wani a Wurno.

Nan ne Malam Badaru ya tsaya tsawon rayuwar aikinsa. Manomi ya zo da lambar gonarsa da aka rubuta masa a bayan kwali, ma'aikatan rigakafi su zo da jerin rugagen da suka kasa ganowa, wa da ƙani su zo suna hararar juna don takardar mahaifinsu ta faɗi iyaka ɗaya, waya ta faɗi wata. Kowa tambaya ɗaya yake fara yi masa: "Wa ya rubuta, kuma da wace na'ura?" In ya gama lissafi da na'ura sai ya sake da fensir, yana maimaita maganar da ta zame masa waƙa, "Sittin ne fa, ba ɗari ba." Daga nan abokan aiki suka laƙaba masa Malam Sittin. Da fari yakan tsuke fuska, daga baya ya zama in aka kira shi Badaru ma sai ya waiwaya ya ga ko da wani ake.

Labaransa da yawa, amma na Kafin Marke ne na fi so, kuma daga bakin waɗanda aka yi a gabansu na ji shi.

Kafin Marke ƙauye ne a ƙasar Gwaram, zaune a kan dutse. Rijiyar da aka haƙa da hannu ba ta wuce gaba uku sai diga ta dawo da tartsatsi. Da bazara matan garin sai sun yi tafiyar awa guda zuwa busasshen rafi, su tona yashi, su jira ruwa ya tsatso. An taɓa haƙa musu rijiyar burtsatse sau biyu, duk biyun ƙurar dutse kawai suka fitar. Bayan shekaru wata ƙungiya ta yarda ta sake gwadawa, amma da sharaɗi: rami ɗaya tak, in ya bushe za a kai aikin wani gari. A wannan karon an turo masu binciken ƙasa da igiyoyinsu, suka yini suna aune-aune, suka gano tsaga guda a cikin dutsen inda ruwa ke kwance. Suka kafa turke mai jan fenti, suka rubuta lambar wurin, suka tafi. Kafin motar haƙa ta zo damina ta shiga ta fita, garmar shanu ta bi ta kan turken, ba wanda ya ƙara ganinsa.

Ranar da motar ta iso, Malam Badaru aka tura ya shaida wurin ya sa hannu. Tayar babur ɗinsa ta yi faci a hanya, bai isa ba sai hantsi ya ɗaga. Ya tarar da gari ya cika ya batse. Injiniyan da ya zo da motar, wani mai fara'a da ake kira Ikrima, ya bi na'urarsa ta kai shi daidai ƙofar gidan Mai unguwa Sulaimanu. Murna wajen mai unguwa ba a magana. An shimfiɗa tabarmi, an dama fura a manyan ƙore, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a alhali ranar Talata ce.

"Malam, ka ga ikon Allah," in ji mai unguwa, yana riƙe da hannunsa. "Duk faɗin garin nan, ruwan bai ga wurin kwanciya ba sai ƙofata."

Malam Badaru ya yi murmushi ya ce Allah ya sa albarka, amma ransa bai kwanta ba. Falalen dutse ne a ƙarƙashin takalminsa, ko ciyawa ba ta tsiro a kai. Can gefe ya hango wata tsohuwa tsaye ita kaɗai, ba ta shiga cikin murnar ba. Inna Safiyatu ce, wadda ta fi shekara hamsin tana ɗauko ruwa daga rafin nan, har gammo ya cinye mata gashin tsakiyar kai. Ya je ya durƙusa ya gaishe ta.

"Ni dai, ɗan nan, ba a nan na ga masu igiya sun kafa turke ba," in ji ta. "Can arewa ne, bayan gonar gyaɗata. Tun safe nake faɗa, an ce na'ura ta fi ni ido."

Ma'aikata sun riga sun ɗaga hasumiyar motar, injin ya fara ruri. Malam Badaru ya ɗaga wa direba hannu ya dakata, ya ce da Ikrima, "Injiniya, a yi haƙuri. Wa ya rubuta lambar nan, kuma da wace na'ura?"

Ikrima ya miƙo masa takardar da aka buga a ofishinsu. "Ga ta, Baba. Digiri sha ɗaya, minti sha takwas ɗigo arba'in da biyar. Haka na shigar, ga inda ta kawo mu. Mu kuma sauri muke, jibi ana jiranmu a wani gari."

"Ba wannan ba. Ina ta asali, wadda masu binciken suka rubuta da hannunsu?"

Aka lalubo ta a aljihun mota, duk ta yi mai. Malam Badaru ya gyara tabarau. Babu ɗigo a jikinta. Minti sha takwas ne, sai sakan arba'in da biyar, kowanne da 'yar alamarsa a sama. Wanda ya buga takardar ne ya zubar da alamomin ya sa ɗigo a tsakani. Malam ya tsugunna ya share ƙasa da tafin hannu, ya zana agogo.

"Injiniya, in minti arba'in da biyar suka wuce a agogo, rabin awa ta cika ko ba ta cika ba?"

"Ai ta wuce rabi, Baba. Kashi uku ke nan cikin huɗu."

"Madalla. Haka sakan arba'in da biyar yake a cikin minti. Kashi uku cikin huɗu kuwa a wurin na'urarka saba'in da biyar ne, don ita da ɗari take ƙirga. Kai ka ba ta arba'in da biyar, ta ɗauka ko rabi ba a kai ba. Sittin ne fa, ba ɗari ba."

Ikrima ya cire hularsa ta kwano ya share goshi. Shi da kansa ya gyara lambar arewa da ta gabas, sai kibiyar na'urar ta juya ta nuna arewa, fiye da rabin kilomita daga inda suke. "Wallahi Baba, da mun haƙa dutse," in ji shi.

Mai unguwa ne bai ji daɗi ba. "Haba Malam! Ruwan da ya zo ƙofata da ƙafarsa za ka kora?"

"Ranka ya daɗe," in ji Malam Badaru, "mota ce ta zo ƙofarka. Ruwan bai zo ba."

Wasu suka ƙyalƙyale da dariya, wasu suka fara gunaguni cewa wannan tsoho da fensir zai jawo musu asarar rabonsu. Malam ya miƙe tsaye. Ya sa kai arewa, na'ura a hannu, gari duk ya biyo shi. Inna Safiyatu kuwa ba ta dubi na'urar kowa ba, gaba ta yi abinta da sandarta. Inda kibiyar ta tsaya, a bayan gonar gyaɗa, nan suka tarar da ita tsaye tana jiransu. Aka kawo fartanya. Ba a yi sara goma ba sai ga guntun turke, jan fentin bai gama gogewa ba.

Mai unguwa ya dubi turken, sannan ya fashe da dariya har rawaninsa ya karkace. "To, a ɗauko tabarmin da furar," in ji shi. "Tunda ruwa ya ƙi zuwa gaishe ni, ni zan riƙa zuwa gaishe shi."

Kada a ɗauka shi ke nan hankalin Malam Badaru ya kwanta. Shi ya sa hannu a takarda, shi ya ɗauke mota daga ƙofar mai unguwa, kuma rami ɗaya ne babu na biyu. Hajiya Ummussalma ta ce ranar ko tuwo bai iya ci ba. Washegari ya koma teburinsa don benci ya cika, yana aiki yana satar kallon waya. Bayan la'asar ta yi ƙara. Ikrima ne, amma ba a jin abin da yake faɗa, guɗar mata ta rufe komai. Malam ya cire tabarau ya goge idonsa da hannun riga, ya ce Alhamdulillahi sau uku, sannan ya dubi benci ya ce, "Na gaba."

Malam Badaru, kai ne ba ka taɓa jin kunyar tsayar da injin yana ruri don ka yi tambaya ɗaya ba. Kai ne ka durƙusa ka saurari tsohuwar da gari ya yi wa dariya. Matambayi ba ya ɓata, kuma albarkacinka garuruwa da yawa ba su ɓata ba. Babu allon da ke ɗauke da sunanka a jikin famfon Kafin Marke, kuma na san ko an ce za a sa, cewa za ka yi a bari. Na daɗe ina jin haushin yadda muke tafa wa mai yanka kirtani ranar buɗe aiki, mu manta da mai fensir. Yau dai na huce.

A walimar sallamarsa an ba shi shadda, an ba shi agogon bango, abokan aiki suna tsokanarsa cewa ya duba ko sittin ne a ciki. Ana shirin addu'ar tashi sai ga wata tsohuwa ta sauko daga motar Gwaram, riƙe da 'yar jarka fara. Inna Safiyatu ce. Ba wanda ya gayyace ta, a bakin famfo ta ji labari. Ta ratsa manyan baƙi ta ajiye jarkar a gabansa.

"Ba ni da shadda, ɗan nan," in ji ta. "Ga ruwanka na kawo maka. Ka duba kuma," sai ta ɗan zame ɗankwalinta, "gashi ya fara fitowa."

Wurin ya ɗauki dariya da kabbara. Malam Sittin ya ɗauki jarkar da hannu biyu ya rungume ta.

Mun gode, Malam. Allah ya sa hutun nan ya zama mai albarka, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ku kuma da kuka gaji teburinsa, da duk mai riƙe da waya yana bin kibiya, ku ɗauki halinsa: ku nemi takardar asali, ku tambayi wanda ya rubuta, ku sake lissafin da hannu, kuma in tsohuwa ta ce ba nan ba ne, ku tsaya ku ji.

Da aka kira azahar a ranar, Malam Badaru bai je famfon ofis ba. Ya ɗauki jarkar Inna Safiyatu ya koma gindin darbejiya kusa da babur ɗinsa, ya tsiyaya a buta, ya yi alwala da ruwan Kafin Marke.