Anket ɗin da Ya Ci Kujerar Madam Hannatu

Har gobe ban manta da ranar da darakta ya shigo birona, wato ofishina, yana murmushi, ya ce in jera masa rassanmu daga na ɗaya har na ƙarshe ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku saurara, don wata rana za a nemi ku yi irinsa.

Lokacin ina aiki da wata ƙungiya mai ƙananan asibitoci a unguwannin Yamai, ni ke riƙe da sashen ƙididdiga. A shekarar aka yi wa ma'aikata anket, wato tambayoyi don a ji ko suna jin daɗin aiki. Kowa zai amsa ta salularsa, ba suna. Kowace tambaya mutum ya ba ta maki daga ɗaya zuwa biyar: ɗaya ba daɗi sam, biyar kuma madalla. An tambayi kayan aiki, albashi, zuwa da komawa, da yadda shef, wato shugaban reshe, ke tafiyar da mutanensa.

Abin da darakta ke so mai sauƙi ne. A tara makin kowane reshe, a raba, a fitar da muwayan, wato matsakaicin maki. Reshen da ya zo na ɗaya a yaba wa shef ɗinsa, wanda ya zo na ƙarshe kuwa a sauke nasa. Da na buga a ordinatar, wato kwamfuta, Banifandu ta zo ta ɗaya, Harobanda ta zo ta ƙarshe.

Shef ɗin Harobanda ita ce Madam Hannatu, tsohuwar ma'aikaciyar jinya ƴar Dogonduci. Musulmi da Kirista duk Mama suke ce mata. Ranar Juma'a ita ke tsare ƙofa har maza su dawo masallaci, ranar Lahadi su kuma su riƙe mata. Da na ga sunan reshenta a ƙasa sai jikina ya yi sanyi. Amma sanyin jiki ba hujja ba ce, don haka na koma na buɗe amsoshin tambaya bayan tambaya.

A aikinmu ba a tsayawa kan muwayan kaɗai, ana duba yadda amsoshi suka watsu. A Harobanda sun watsu kamar yadda na mutane ke yi: wannan ya ba da biyu, wancan huɗu, wani ya ba da ɗaya har ya ƙara da rubutu. Kuma ƙananan makin duk a wuri biyu suka taru, wato ɗaukewar kuran, wutar lantarki ke nan, da wahalar ƙetare gadar kogi da safe, abubuwan da ba Madam ce ke da iko a kansu ba. Tambayar da ta shafe ta kai tsaye, ko shef na sauraron ma'aikaci, nan kuwa sun ɗaga ta sama.

Banifandu fa? Biyar, biyar, biyar, daga mai gadi har likita. Albashi ma biyar. Haba jama'a, wane ma'aikaci ne a garin nan zai ce albashinsa madalla? Ko ƴaƴan ɗaki guda aka zuba wa miya, sai wani ya ce gishiri ya yi yawa.

Na hau faba-faba, motar haya, na tafi Banifandu kamar mai zuwa gaisuwa. Wata ma'aikaciya, wadda ba zan faɗi sunanta ba ko yau, ta raka ni bakin hanya. Na tambaye ta yadda suka amsa. Ta waiga, ta ce, “Malam Isufu, ai tare muka yi. Shef ya sa aka dafa shayi, ya tara mu ɗaki guda, ya ce kowa ya fito da salularsa mu gama lokaci ɗaya. Yana karanto tambaya yana zagayawa bayanmu. In ya ce, yaya kayan aiki, sai mu ce alhamdulillahi. To wanda ya ce alhamdulillahi a gaban mutane, da wane ido zai danna biyu?”

Madam Hannatu kuwa, na ji daga baya, cewa ta yi da mutanenta su tafi gida su amsa, kowa ya faɗi abin da ke ransa, don ta haka ne babban biro zai san halin da suke ciki.

Ranar taron shugabanni na shiga da takarduna, raina a ɓace amma bakina a hankali. Na ce, “Ranka ya daɗe darakta, wannan jerin ba ya tsayuwa. Ma'aikatan kowane reshe ba su da yawa, mutum biyu suka tashi da ɓacin rai sai muwayan ya rufta. Kuma an haɗa makin kuran da na shef a tukunya guda. In shef ake son aunawa, a ɗauki tambayoyin shef kaɗai, a duba amsar da ta fi yawa da yadda sauran suka watsu. Na Banifandu kuwa a ajiye su gefe a sake, don ba amsar mutane da yawa ba ce, amsar mutum guda ce aka maimaita.”

Ya cire tabarau ya ce, “Wa ya gaya maka?”

Na ce amsoshin da kansu sun nuna, kuma na ji daga bakin wanda ke cikin ɗakin.

“Kawo sunansa.”

Na ce, “Mun yi musu alkawari ba suna.”

Sai ya yi dariya, ya dubi sauran ya ce, “Kun ji Isufu. Mutane sun ce suna jin daɗi, shi ya ce bai yarda ba. Masu ba mu tallafi teburin maki guda suke so, kore ga na sama, ja ga na ƙasa. Ba su da lokacin watsuwarka.”

Wallahi na ji kamar in kife teburin. Mutumin da ya ɗauke ni aiki don in gaya masa abin da lissafi ke faɗa, shi ne ke mini dariya don na gaya masa. Na rubuta ƙin amincewata, na sa hannu, aka karɓa aka jefa a durowa. Kafin watan ya ƙare aka sauke Madam Hannatu, aka maido ta babban biro tana ƙirga kwalayen magani. Shef ɗin Banifandu aka ba shi takardar yabo a gaban kowa, muka tafa.

Na je na same ta a sito, ina ta kame-kamen ba da haƙuri. Ta ce, “Ɗana, bar shi. An dai gyara musu kuran ɗin?” Na ce ba a gyara ba. Ta ci gaba da jera kwalayenta.

Shekara ta zagayo aka sake anket. Na buɗe amsoshin Harobanda, na ga biyar daga sama har ƙasa. Kuran biyar, gada biyar, albashi biyar. Sauran rassan ma haka. Darakta ya shigo yana washe baki, ya ce, “Ka gani? Canjin shef ya yi aiki.”

Na ƙetare gada na je Harobanda. Babu wuta, wata ungozoma tana yi wa mai jego fifita da kwali. Na ce mata, “Yaya, kuna cikin wannan zafi kuka ba kuran biyar?”

Ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, “Bara mun faɗi gaskiya, kuka ɗauke mana Mama. Bana me kuke so ku ɗauka?”

Shi ya sa nake takura muku, duk wanda ya kawo mini muwayan sai na tambaye shi mutum nawa suka amsa, a ina suka zauna, wa ke tsaye bayansu. In kuka ga amsoshin ma'aikata sun zo iri ɗaya sak, kada ku yi murna, ku je ku binciki abin da ya tsorata su. Na bar ƙungiyar nan da jimawa, amma na ji har yanzu suna yin anket duk shekara, kuma teburinsu kore ne shar.